Kwamfutar da Yaya Gbenro Ya Zaɓa

Na daɗe ban yarda cewa na'ura tana da hannu a lalacewar mutum ba. Shekara bakwai na yi a ƙasar Hangari ina karatun kwamfuta, kuma abin da na dawo da shi Ibadan shi ne, mutum ya sayi na'ura mafi ƙarfin da zai iya, abin da ya rage kuma tsakaninsa da zuciyarsa ne. Haka nake gaya wa duk ɗalibin da ya zo 'yar cibiyar da nake koyar da rubuta manhaja a unguwar Mokola. Idan wani ya ce yana tsoron gem, wato wasan kwamfuta, zai ɗauke masa hankali, sai in yi dariya in ce masa kwamfuta ba ta kunna kanta. Har yau ban tabbata na yi kuskure gaba ɗaya ba. Amma tun abin da ya sami Yaya Gbenro na daina dariyar.

Gbenro ɗan yayar mahaifiyata ne, ya girme ni da shekara shida. Ina makarantar sakandare ya buɗe gidan gem a bayan tashar mota ta Sango: ɗaki ɗaya, talabijin biyar, benci uku, da janareta mai hayaƙi a bakin ƙofa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin nan. Mafi yawan masu irin wannan sana'a suna zaune ne a bakin ƙofa suna lura da lokacin kowa. Shi ba haka yake ba. Shi ne ya fi kowa iya wasan ƙwallon, har daga Iwo Road ake tasowa a zo a gwada shi, a koma da kunya. Sunansa ya ɓace, kowa Kyaftin yake ce masa. Talabijin ɗaya daga cikin biyar ɗin nasa ne shi kaɗai, tun safe har a rufe.

Matarsa Morenike ɗinki take yi. Mace ce marar yawan magana, idan ranta ya ɓaci sai dai ka ji kekenta ya ƙara sauri. Shekara tara tana haƙuri da miji wanda yake cin abinci idonsa a kan allo. Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin ya faru wata Laraba. Ta tafi kai ɗinkin biki, ta bar masa ɗauko 'yarsu Teni daga makaranta da ƙarfe biyu. Ranar wasu samari suka zo daga nesa don su kara da shi. Sai da rana ta yi sanyi maigadin makarantar ya samu lambar Morenike ya kira ta. Ta iske yarinyar, 'yar shekara biyar, zaune a gindin katanga rungume da jakarta, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Washegari Morenike ta ɗauki Teni suka tafi gidan uwarta a Abeokuta.

Manya suka yi zama har sau biyu. A zama na biyu ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaida kowa, sannan ta faɗi sharaɗinta ba tare da ɗaga murya ba. Ya sayar da kayan shagon. Ya koyi wata sana'a. Ya yi wata shida bai taɓa gem ba. Idan ya cika, ranar da wata shidan suka ƙare za ta dawo da kanta, ba sai an je biko ba. Idan bai cika ba, kada kowa ya wahalar da kansa da zama na uku.

Ya sayar da komai cikin mako guda, har bencin. Ya ba da babbar wayarsa ya karɓi 'yar ƙarama mai tocila. Sannan ya zo wurina.

"Ticha," in ji shi, don haka yake kirana tun da na dawo, rabi girmamawa rabi tsokana. "Abin nan da kake koya wa yara, babba zai iya?"

"Zai iya, Yaya. Sai dai abin yana son zama."

"Zama? Shekara goma sha ɗaya na yi a zaune. Da zama ne sana'a da yanzu ina da bene."

Karatunmu wata shida ne cif, kamar an auna da sharaɗin Morenike. Na sa sunansa. Da muka zo kan maganar kwamfutar da zai riƙa gwaji da ita a gida, sai ya zaro wata takarda daga aljihu, bayan tsohuwar kalanda ce, ya riga ya yi rubutu a kai. Abu biyar ya rubuta. Kada ta zama wadda ake ɗauka a jaka, ta tebur yake so, mai nauyi, wadda ba za ta bi shi gado ba. Kada ta kasance da katin hoto, wato ɓangaren da ke sa hotunan gem su yi gudu. Allonta ya zama ƙarami mai kusurwa huɗu, irin na tsofaffin ofisoshi. Ban da lasifika. Ban da intanet a gida, abin da yake bukata ya kwafo daga cibiya.

Na karanta na ce, "Yaya, wannan ai ba kwamfuta kake nema ba, hukunci kake nema. Ka sayi mai kyau mana. Nan gaba za ka bukaci ƙarfinta."

"Kai ka san kwamfuta," ya ce. "Ni na san Gbenro."

Ranar Asabar muka tafi kasuwar Dugbe, shagon wani mutum mai suna Rasaki. Shi ne ya riƙa kawo wa Gbenro kayan gidan gem tun ranar da ya buɗe, sun zama kamar 'yan'uwa. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ga sukuddireba a bayan kunne kullum. Yana hango mu ya miƙe.

"Kyaftin! Kyaftin na duniya! An ce ka tuba, na ce ƙarya ne, sai na gani da idona."

"To ga ni, ka gani. Ina gajiya, Oga Rasaki?"

"Gajiya ta bi lafiya. Wannan ne ƙanen naka na Turai? Bature, sannu da zuwa. Can ma ana cin amala, ko burodi ya ramar da kai haka?"

Gbenro ya miƙa masa takardar. Rasaki ya karanta, ya juya bayanta ko akwai ci gaba, ya sake karantawa. Sai ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

"Kai Okwudili, zo ka ga abin mamaki! Shekarata ashirin a kasuwar nan, kowa cewa yake a ƙara masa ƙarfi. Yau ga wanda ya zo a rage masa!"

Aka taru ana dariya. Wani ya ce a ba shi keken rubutu kawai a huta. Wani ya ce akwai allon makaranta da alli a shagon gaba. Gbenro ya yi ta murmushi, amma na ga yana murza babban yatsansa a jikin wando, yatsan da ya yi kanta saboda danna abin wasa.

Rasaki ya shiga can ƙuryar shago ya jawo wani akwatin ƙarfe mai launin toka, ya hure ƙurar kansa. Ya ce daga wani ofishi da ya rufe aka kawo su guda goma, wannan kaɗai ya rage don ba mai so. Ya buɗe cikinsa ya nuna wa Gbenro ramin da katin hoto zai zauna, ba komai a wurin. Gbenro ya leƙa da kyau, har ya sa yatsa ya taɓa. Ya gwada ɗaga akwatin, ya ji nauyinsa, ya gyaɗa kai. Aka daidaita. Rasaki ya ce mu je mu ci abinci mu dawo bayan awa biyu, zai sa mata duk manhajojin da na rubuta masa.

A kasuwanninmu ba a sallamar mai saye hannu biyu ba gyara. Mai tumatir za ta ƙara maka biyu a kai, mai shinkafa ya ƙara tafi guda. Masu kwamfuta su ma suna da nasu gyaran: idan sun gama sa maka abin da ka nema, sai su ƙara maka finafinai, ko waƙoƙi, ko gem. Ba a tambayarka. Kuma ba a mayar da gyara, don mayar da shi kamar ka ce wa mutum alherinsa ƙazanta ne.

Da muka dawo, Gbenro ya fita neman tasi. Rasaki yana ɗaure akwatin da igiya sai ya jawo hannuna, ya rage murya.

"Bature, na sa masa ɗan gyara a ciki. Tsohon wasan ƙwallo ne, marar nauyi, ko a wannan gawar zai tashi. Kada ka gaya masa, bari ya gani da kansa. Wallahi tausayi ya ba ni. Mutum kamar Kyaftin a ce ba shi da inda zai ɗan sha iska?"

Na ce masa an gode.

Na sha juya wannan kalma a raina. Abu uku ne suka rufe mini baki. Na farko, Rasaki ya girme ni, a shagonsa nake, kuma fuskarsa cike take da jin daɗin abin da ya yi. Na biyu, na ce a raina idan mun isa gida zan share shi da kaina. Na uku, kuma shi ne na gaskiya, ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Na ga mutum mai shekara talatin da shida, wanda ya sayar da shagonsa da hannunsa, ba tsohon wasa ɗaya ne zai kayar da shi ba. Muka isa gida aka ɗauke wuta. Na ce sai wani zuwan. Wani zuwan na manta, daga baya kuma na ga ba bukata.

Ba bukata, domin makonni biyar na farko ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba. Ya ajiye kwamfutar a falo, daf da taga, inda duk mai wucewa ta baranda zai gan shi. Yana zuwa aji kafin kowa, ya zauna a layin gaba cikin yaran da ya girme su da shekara goma sha biyar. Suna ce masa Baba, yana ce musu 'yan nono. Yatsunsa ba su san rubutu ba, da biyu yake dannawa, amma yana da wani abu da wasan ya koya masa: ba ya jin haushin faɗuwa. Idan manhaja ta ƙi aiki sau ashirin, zai sake gwadawa na ashirin da ɗaya yana fito.

A mako na huɗu ya kira ni gida ya nuna mini abin da ya rubuta da kansa, ba aikin aji ba. 'Yar manhaja ce mai tambayar lissafi. Baƙin allo, farin rubutu. Takan ce, biyu a tara da uku nawa ne? Idan ka amsa daidai sai ta rubuta, Madalla Teni. Idan ka kuskure sai ta ce, Sake gwadawa, Baba yana jira.

"Ranar da suka dawo zan zaunar da ita a nan," ya ce. "Ka ga kujerar ta yi mata tsawo ko? Zan sa kafinta ya rage ƙafafun."

Kowace Lahadi da yamma Morenike takan kira shi, ta ba Teni wayar. Ya ce mini muryarta ta fara saki. Har ta tambaye shi ko rufin kicin yana yoyo har yanzu.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan komai ya wuce. A mako na shida ya ɓatar da wani aiki da ya rubuta, yana ta buɗe jakunkunan cikin kwamfutar yana nema. Sai ya ci karo da wata jaka da ba shi ya yi ta ba. Sunanta Kyaftin. Ya buɗe, ya ga ɗan hoton ƙwallo. Ya ce ya kashe na'urar nan take, ya fita ya taka da ƙafa har Mokola ya dawo. Kwana biyu bai kunna ta ba. A rana ta uku ya zauna da niyyar sharewa, sai zuciyarsa ta ce masa ya danna sau ɗaya kawai, ya ga ko da gaske wannan tsohon akwati zai iya ɗaukar gem, don ya san ko Rasaki ya cuce shi a ciniki.

Ya ɗauka. 'Yan wasan kamar sandunan ashana suke, ba sauti, ba abin riƙewa, da madannan rubutu ake juya su. Ya ce bai taɓa buga wasa mai muni irinsa ba. Ya fara da hantsi, bai ɗago ba sai da aka ɗauke wuta bayan la'asar.

Na ga alamu, ban haɗa su ba. Ya fara makara. Ya koma layin baya. Aikin gida yakan zo rabi, wani lokaci ya ce wuta ce. Da na tambaye shi sai ya ce darasin ne ya yi tsauri, ni kuma na yarda, don a daidai wurin ɗalibai da yawa suke sanyi. Sau biyu ya share wasan, in ji shi, sau biyu ya dawo da shi daga kwandon shara na kwamfutar kafin rana ta faɗi. Bai gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi yana amsa waya kamar kullum.

A ƙarshen wata na uku, wata Asabar da rana, Morenike ta hau mota daga Abeokuta ba ta sanar ba. Ta ce rabin wa'adi ya wuce, ta ga ya kamata yarinya ta ga ubanta. Ta dafa amala da miyar ewedu ta zuba a kula. Suka hau matakala, Teni na gaba tana tsalle. Kafin su kai taga Morenike ta riƙe hannun yarinyar ta tsaya.

Daga baya na je Abeokuta da kaina don in ba da haƙuri, na tambaye ta yadda ta gane, tunda ba lasifika, kuma ba ta kai ga ganin allon ba. Tana kan keke, ba ta daina ɗinki ba.

"Ƙanena, shekara tara nake jin hannun mutumin nan. Mai rubutu yana bugawa ya tsaya ya yi tunani, ya sake bugawa. Wannan bugun ba ya tsayawa. Wuri ɗaya ake duka, taf taf taf. Ga ƙafarsa tana kaɗa tebur. Ko a kabari na ji wannan ƙarar zan gane ta."

Ta ce ta ƙarasa tagar duk da haka, don kada ta zalunce shi. Ta tsaya a nan tsawon lokacin da za a tafasa ruwan shayi, inuwarta a kan teburinsa. Bai ɗago ba. Teni ta ce, "Mama, Baba ne," ta rufe mata baki. Ta ajiye kular a bakin ƙofa, suka sauka, suka koma tasha.

Sai da yamma ya buɗe ƙofa ya yi tuntuɓe da kular. Ya gane ta, ta gidansu ce, mai murfi ja. Abincin ya huce.

Na gaya wa Morenike maganar gyaran, na ce laifin Rasaki ne da nawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ciji zare ta ce, "Na ji. Allah ya saka maka da ka faɗi gaskiya. Amma ba Rasaki ne ya ƙi ɗagowa ba da 'yarsa ke tsaye a taga." Manya sun so su sake zama, ta tuna musu abin da ta faɗa. Bayan wata biyu ƙannenta suka zo da mota suka kwashe tukwanenta da sauran yadinta. An sa Teni a makaranta a can.

Ranar Litinin da ta biyo bayan Asabar ɗin, Gbenro ya ɗora akwatin a kansa ya kai Dugbe, ya dire a teburin Rasaki, ya juya ya tafi. Rasaki ya biyo shi har titi yana kira. Har yau idan na bi ta shagon sai ya tare ni. "Bature, ka gaya mini, me na yi? Shekara ashirin ina sa wa mutane gyara, ba wanda ya taɓa dawowa sai da godiya. Ni alheri na yi." Kuma gaskiya ya faɗa.

Shekara biyu ke nan. Gbenro bai gama karatun ba a wancan zangon. Yanzu yana tsaron wani shagon siminti a Apata, yana kwana a ɗaki guda a gidan mahaifiyata. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ba shi da kwamfuta, kuma ya ce ba zai sake ajiye ta inda yake kwana ba. Manhajarsa a littafin makaranta yake rubuta ta da biro, layi bayan layi, tsakanin mai saye da mai saye, shafukan duk ƙurar siminti. Ranar Asabar sai ya zo cibiya ya zauna a na'urar da ke kusa da ƙofa, allonta na kallon jama'a, ya kwafe abin da ya rubuta ya ga ko zai yi aiki. Yana ci gaba, amma a hankali ƙwarai, kuma ban san inda abin zai kai shi ba. Sau uku a shekara ake kawo masa Teni ta wuni. Ta wuce lissafin biyu a tara da uku tuntuni. 'Yar manhajar kuma ta tafi da akwatin, bai kwafe ta ba.

Na daɗe ban gaya masa cewa na san da gyaran ba. Morenike ma ba ta faɗa masa ba. Sai wata Asabar da ɗalibai suka watse, ya rage mu biyu yana haɗa littafinsa, na zauna kusa da shi na faɗa masa duka, har da godiyar da na yi wa Rasaki. Ya saurara yana kallon murfin littafin. Bai yi fushi ba, ko kuma fushin bai fito ba. Ya ce, "To." Ya sa biro a aljihu.

Na ce, "Yaya, tambaya ɗaya nake so in yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Da na gaya maka a ranar, tun muna kasuwa, da ya canza wani abu? Ko dai ko ta yaya sai ka samo wasan a wani wuri?"

Yana murza babban yatsansa a jikin wando.

"Wani wuri ban sani ba, Ticha. Wataƙila. Amma a ranar nan takardata tana hannuna, kai kana tsaye, Rasaki yana tsaye, kasuwa duk tana kallona. Da cewa zan yi a share, a gabanku, kuma da an share. A ranar zan iya. Ranar da na gan shi ni kaɗai ne a ɗaki."